Tsini Uku a Kan Zauren Haman

A Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde da ’yan gari ke yanke wa suna su ce Birik, an san Haman da tsaki tun kafin a san shi da rufi. Tsakinsa dogo ne, daga haƙoran gaba yake tasowa ya zagaya ta kunci, kuma ba ya ware kowa. Ya ja wa shayin mai shayi, ya ja wa ɗinkin tela, ya ja wa ruwan sama in ya sauko ba da shawararsa ba. Yayarsa Dije takan ce ranar da aka haife shi ma ba kuka ya yi ba, ungozoma ya ƙare wa kallo ya ja tsaki.

Ubansu, Malam Awwal, bai bar musu gona ko shago ba. Zaure ya bari. Da hannunsa ya gina shi, da ragowar jan bulon da ya riƙa tsintowa a kangon tsohuwar ma'aikatar bulo da unguwar ta ci sunanta. Gajeren gini ne mai kaurin bango, rufin kwanonsa ya yi tsatsa har ya koma kalar goro, dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga. Amma a nan dattawan layin ke sallolinsu in ban da Juma'a, Liman Alim na ja, a nan kuma suke zama daga la'asar zuwa magariba. Ɗaurin aure, raɗin suna, sulhun masu rigima a kan kwata, duk sai an cire takalmi a ƙofar Malam Awwal. Da tsohon ya rasu Haman ya gaji zauren, da buzun da ke kusa da ƙofa. Shi ma zauren ba ya tsira daga tsakinsa, yakan kira shi akurki. Sai dai ya san abu guda sarai: idan aka ɗebe takalman nan daga ƙofarsa, shi ba kowa ba ne a Birik.

Shekarunsa na ƙarfi ya yi su ne yana tuƙa wani darakta a kamfanin gwamnati. Baƙar mota, farar riga mai maɓallan ƙarfe, hula mai baki. ’Yan sanda na sara wa motar, Haman na amsawa da kai. Daga bayan gilashi ya koyi kallon duniya, bai kuma sake saukowa ba.

Sai kiriz ta zo, wato karyewar tattalin arzikin ƙasa. Aka yanke albashi, aka sake yankewa, aka karya darajar sefa. Shara ta taru a bakin titi har awaki suka yi hanya a kanta. Manyan ma'aikatan unguwar Cité Verte da ke aiko direba ya sayo musu suya suka koma zuwa da ƙafarsu, suna ɗanɗana na wannan su ɗanɗana na wancan su wuce. Kamfanin su Haman aka rufe shi da kwaɗo. Ya dawo gida da farar rigarsa a leda da sabon suna irin na dubban mutane: kompirese, wanda aka matse aka fitar.

Daidai lokacin ne kuma Alhaji Mohaman ya gama benensa a ƙarshen layi.

Wannan Mohaman ɗin, daga Najeriya ya zo da buhu ɗaya a ka, ya yi watanni yana kwana a zauren Malam Awwal, yana tallar goro a faranti. Yanzu shi ke da babbar mota mai ɗauko goro daga Yamma, ya kuma tayar da bene hawa biyu, ya manna masa farin tayil tun daga ƙasa har sama, da baranda mai faɗi da fanka biyu.

“Tayil a waje,” in ji Haman. “Ni a otel na san tayil, kuma a makewayi. Mutum ya juya banɗaki ciki waje ya ce ya gina gida. Mtsss.”

Dattawa suka yi dariya, suka kuma fara zamewa. Wannan ya ce zai je duba Alhaji ba ya jin daɗi, wancan ya ce zai karɓo saƙo. Sallah dai ana yin ta a zaure, amma hirar la'asar ta soma yin rauni, ana jin ƙarar kofunan shayi daga barandar. Haman ya riƙa duban takalman ƙofarsa kamar mai kiwon kaji da shaho ya gane gidansa.

Yunwa ba ta san farar riga ba. Da direban Alhaji ya kwanta ciwo, Haman ya karɓi makullin motar goro, yana cewa taimako ne yake yi wa yaron gidansu. Aka haɗa shi da Gajere, tsohon mai zaɓen goro, sa'ansa ne kuma abokin tsokanarsa tun suna makarantar allo.

Suka ƙetare kogin Sanaga, suka wuce Bafia da Makenene, hanya ta fara hawan duwatsu zuwa ƙasar Bamileke, waɗanda a Birik ake ce wa Garafi. Kowane kwari a can cike yake da tukurwa, kuma daga jikinta ake tatsar bammi. Kekuna na saukowa da manyan kwalabe masu rigar saƙa, kumfa na tsiyaya. A kowace mararraba mata sun jera jarkoki, ƙudan zuma na shawagi, tsamin abin na shigowa har cikin mota. Haman ya ɗaga gilashi ya rufe ruf.

“Za ka dafa mu, Shofa,” in ji Gajere, don haka ake kiran direba a nan.

“Gara in dahu da in shaƙi wannan. Ƙasa guda ta tashi da safe ta bugu.”

“Ai goron da za ka ci abinci da shi a gonarsu yake.”

“Goron ya yi haƙuri da su. Ni ba zan iya ba.”

Ko sau ɗaya bai sa ƙafa a ƙauyukan ba sai don alwala, ita ma a bayan mota. Gajere ya shiga gidaje ya zaɓi goro ya sha hira, Haman na zaune a kan sitiyari yana kallo ta gilashi. Abin da ya gani kuwa ya ishe shi magana.

A kan kowane tudu akwai gidan da ya fi na daraktansa. Wani mai ginshiƙai farare kamar kotu. Wani an yi masa baranda mai lanƙwasa da tagogi zagayayyu, ka ce jirgin ruwa ne ya ɓata hanya ya maƙale a gonar masara. Wani gaba ɗaya fuskarsa baƙin gilashi ce, gajimare na wucewa a ciki. Dukansu a kulle, ba hayaƙi, ba shanya, sai akuya a kan matakala.

“Ina masu su?”

“Suna Duwala, suna Yawunde, a ɗakin haya bayan shago. Sai biki ko mutuwa ke kawo su.”

“Wato mutum ya gina wa gawarsa bene, shi yana kwana a kan buhun shinkafa. Mtsss.”

Gaba kaɗan, a gangare, suka hango fadar wani sarki. Nan ba siminti. Bangon gwangwala ne da aka jera aka ɗaure sumul kamar saƙar tabarma, ginshiƙan itace kewaye da shi, kowanne an sassaƙa mutane a jikinsa, wani a kan wani, wani riƙe da ƙaho, wani da lofe. A sama jinkar ciyawa ce mai kauri, ta tashi sama kamar dutse. Haman ya rage gudu ba tare da ya sani ba.

“Rumbu,” ya ce da ya farga. “Babban rumbu. Ashana ɗaya ta ishe shi.”

Amma abin da ya hana shi sakat shi ne rufin tsini. A ƙofar wasu gidaje, tsoho ko sabo, an ɗora wa zauren shiga rufin farin kwano mai kusurwa huɗu, ya tsuke ya yi sama kamar mashi. Wani gida ɗaya, wani uku, wani jere guda. Rana na dukansu suna walƙiya tun daga nesa.

Suna tsaye a gaban irin wannan ƙofa ana loda buhuna, sai ga wani mutum a kan tsohon babur, da kwat mai faci. Ya kashe babur, ya sauko, ya cire hula, ya rusuna, ya tafa hannu a hankali yana fuskantar ƙofar. Sannan ya tura babur ɗinsa sai da ya wuce gidan ya hau. Babu kowa a ƙofar. Ko kare babu.

Haman ya sauke gilashi, karo na farko.

“Gajere. Wa ya gaisar?”

“Gidan babban mutum ne.”

“Babban mutumin yana ina?”

“Wa ya sani? Wataƙila yana Duwala.”

Haman ya daɗe yana kallon tsinin. Har suka iso Yawunde bai ja tsaki ba, abin da ya sa Gajere ya tambaye shi ko zazzaɓi ne.

Ba a jima ba aka biya korarrun kamfanin wani ɓangare na kuɗin sallama. Dije, wadda ta dawo gidan tun rasuwar mijinta, tana soya ƙosai a ƙofar baya, ta riga ta san inda za a sa su.

“Ɗakin Inna na yoyo, Haman. Kwano huɗu nake tarawa in ana ruwa. Har tukunyar ƙosai.”

“Yaya, ke tunaninki bai wuce tukunya ba. Zaure zan gyara.”

“Me ya sami zauren?”

“Ba ya da kai. Gini ne ba kai, shi ya sa kowa ke raina shi. Na ga inda ake rusuna wa rufi mai gidan ba ya nan.”

“Auta, mutanen nan shayi suke bi da fanka. Sayi fanka.”

“Mtsss.”

Ya aika aka kira Kamdem, wani kafinta Bagarafe da ke da rumfa wajen Tsinga, dattijo mai fensir a bayan kunne, wanda ya shekara yana gyara ƙafar benci saboda ba mai yin sabon aiki. Hausarsa ta kasuwa ce amma tana isarwa. Haman ya zana masa abin da yake so a ƙasa da tsinke. Kamdem ya duba zanen, ya duba Haman.

“Patoron, maigida, wannan na iya shi tun ina yaro. Amma a wajenmu ba a sa shi haka nan. Sai wanda sarki ya ba kujera. Ko ɗaya ne sai da izini.”

Da wani ne, da ya ce nan Birik ce, ba ruwan sarkinku. Amma Haman ya ji kafinta mai gyaran benci yana yi masa maganar izini, a ƙofar ubansa, ga kuma Gajere a gefe yana murmushi.

“Kai ɗan wane gari ne?”

Kamdem ya faɗi sunan ƙauyensu.

“To ai daga can na dawo. Sarkin naku da bakinsa ya ba ni. Ya ce Haman, goronmu ba ya isa Yawunde sai ta hannunka. Uku ya ce in sa.”

Gajere ya buɗe baki, Haman ya harare shi, ya rufe. Kamdem kuwa ya cire fensir daga kunne, ya cire hula, ya riƙe su a ƙirji.

“Uku! Ba a gaya mana ba. Patoron, ka yafe, ina ta tsayuwa a kanka.”

Aikin da Kamdem ya yi, ko maƙiyi ba zai kushe shi ba. Aka yaye tsohon kwanon Malam Awwal, aka tayar da katako, tsini uku suka tsaya a kan jan bulo, na tsakiya ya fi tsawo, ya kusa kai barandar Alhaji. Tun daga unguwar Ekoudou ana hango walƙiyarsu a tsakiyar tekun tsatsar Birik. Mata masu zuwa kasuwa suna tsayawa. Wani tela ya ce coci ne, wani ya ce roka ce Haman zai tafi wata tunda duniya ba ta yi masa ba. Haman ya ji, ya ce jahilci ne, ba su taɓa wuce Obala ba.

Ya sa walima ranar wata Asabar bayan la'asar. Dije ta shirya abinci, masa da miyar taushe, tana mita. Dattawa suka zo kaf, har da waɗanda suka daɗe da komawa baranda, har da Alhaji Mohaman da kansa, wanda ya ɗaga kai ya ce, “Ma sha Allah, Yaya Haman, abu ya yi tsawo.” Takalma suka cika ƙofa suka gangara har bakin kwata. Haman na kan buzunsa cikin babbar riga, yana kallonsu ta wutsiyar ido. Liman Alim ya ɗaga hannu zai fara addu'a.

Sai aka ji ƙararrawar ƙarfe daga bakin layi, kwang-kwang, kwang-kwang, da waƙar maza mai kauri.

Kamdem ne a gaba, ba fensir yau, ya sha riga shuɗiya mai zanen fari. Bayansa ƙungiyar ’yan ƙauyensu mazauna Yawunde: masu shaguna, direbobin tasi, wani tsohon malamin makaranta, mata da ganye a hannu suna guɗa. Wani na jan bunsuru. Wani na ɗauke da buhun gishiri, wata da garwar manja. Ƙarti biyu kuma na rungume da manyan kwalaben nan masu rigar saƙa, kumfa na tsiyaya a wuyansu. Warin ya riga su isowa.

Suka tsaya a gaban takalman dattawa, suka cire huluna, suka rusuna gaba ɗaya, suka tafa hannu. Shugabansu, wani tsoho mai wutsiyar doki a kafaɗa, ya yi jawabi da Faransanci mai tsabta. Ya ce sun ji kunya ƙwarai, sarkinsu ya ɗaga mutum a garin da suke zaune su ba su sani ba. Ya ce ko a wannan wahalar da ake ciki ba za a ce ’yan garinsu sun bar rufin babban mutum ya bushe ba. Daga nan ya karɓi ƙahon sa, aka cika masa da bammi, ya matso cikin ladabi ya tsiyaye shi a dokin ƙofa. Farin ruwan ya bi tsagin bulo, ya shige ƙarƙashin tabarmar farko.

Wanda ke kan tabarmar ya yi tsalle kamar an sa masa wuta. A waje bunsuru ya yi kuka.

Liman Alim bai ɗaga murya ba. Tsoho ne ɗan Ngaoundéré, Hausarsa na da ɗan karin Fillanci, kuma shi ya yi wa Malam Awwal sallah.

“Haman, ɗan Awwal. Mutanen nan ba su yi laifi ba, girmamawa suka zo yi da abin da suka sani. Kai nake tambaya. Da gaske ka je ka karɓi kujera a wurin da ake shayar da ƙofa? In magana ce ta kufce maka, faɗi. Mu ba su haƙuri, a wanke wuri, a sauke abin nan, mu ci masarmu.”

Gajere ya sunkuyo ta bayansa. “Faɗi mana, Shofa. Ko daga motar ba ka sauka ba. Ni shaida ne.”

Daga bayan labule Dije ta ce, “Auta, don girman Allah.”

Kalma uku ce: ƙarya na yi. Haman ya juya ta a baki. Ya dubi Alhaji Mohaman, wanda ya kwana a wannan daɓen da buhu a matashi, yanzu yana duban ƙasa yana danne dariya. Ya dubi waje. Mutum sama da talatin a rusune, huluna a hannu, suna jiran ya yi magana. Tun da aka karɓe baƙar mota ba wanda ya sara wa inda yake.

Ya gyara wuyan babbar riga.

“To, Allah gafarta Malam, an ba ni. Sai in ƙi?”

Liman ya dube shi. Ya naɗe buzunsa ya sa a hammata, ya tsallake jiƙaƙƙen wurin, ya nemi takalmansa. Da ya zo wucewa ta gaban tsohon mai wutsiyar doki ya ɗan duƙa ya ce, “Sannunku da zuwa,” shi ma tsohon ya amsa da girmamawa. Saura suka bi Liman ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Mohaman ya riga kowa yin gaba, ana jin shi yana kira a shimfiɗa tabarmi a baranda, magariba ta kusa. Masar Dije, baƙin ne suka cinye ta, suka kuma yaba ƙwarai.

Washegari Dije ta wanke dokin ƙofar da toka da sabulu har fatar hannunta ta saɓule. Warin ya tafi. Takalman ba su dawo ba. Aka ɗaura auren ’yar tela a baranda, aka raɗa sunan jikan Liman a baranda. Ko rigimar kwata, wadda kwatar ta bi ta ƙofar Haman ne, a can aka sasanta ta aka aiko masa da hukunci.

Garafi kuwa ba su taɓa yada shi ba. Har ya tsufa suna kiransa Sop Haman, sunan da suke ba masu kujera. In sun yi rasuwa a Yawunde sai an zo an ɗauke shi a tasi, a zaunar da shi a layin gaba da kwalbar lemo, a miƙo masa cinyar akuya. Yakan dawo ya ce wa Dije mutanen nan ba su iya dafa nama ba. Ya cinye tas. Ko sun gano gaskiya daga baya, ba su nuna ba. Kamdem dai ya sami aikin rufi har uku a dalilin wannan, kuma duk shekara yakan zo ya duba kusoshi kyauta. Ɗakin Inna ya ci gaba da yoyo.

Wanda ya bi layin da la'asar a shekarun nan zai gan shi a kan buzu kusa da ƙofa, shi kaɗai, da takalmi ƙafa biyu a waje. Gajere kan wuce da butarsa zai tafi baranda. In ya zo daidai ƙofar sai ya tsaya, ya cire hula, ya rusuna, ya tafa hannu a hankali.

“Sop! Ranka ya daɗe. A gaida rufi.”

Haman ya ja masa tsakin nan dogo. To amma Kamdem bai yi wa zauren silin ba, kuɗi ba su kai ba. Tsakin sai ya hau cikin kogon tsinin tsakiya, ya zagaya kwano, ya sauko wa mai shi a ka.